Ni da ban iya iyo ba na fita, gwaninmu kuma ruwa ya ci shi

Ɗan_Rima:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, yau na ce bari in ajiye shi gabanku. Damina 2 ke nan da jirgi ya kife da mu a Gulbin Rima, muna dawowa daga cin kasuwa da la'asar sakaliya. Ba zan faɗi garin ba. Ni a cikin birni na tashi, ban iya iyo ba ko kaɗan. Ɗan ƙanin babana da muke tare kuwa a bakin gulbin aka yanke masa cibiya, tun yana yaro yake ƙetare shi da iyo ya dawo. Ga ni yau ina rubuta muku wannan, shi kuma sai washegari da hantsi aka tsamo gawarsa can ƙasa da inda muka kife.

Jarka ce ta fitar da ni. Wata baiwar Allah ta sayar da man gyaɗarta, ta ɗauko jarkar wayam da murfinta a rufe. Da na taso karon farko da ita na yi karo, na rungume ta a ƙirji, ban sake ba har aka jawo ni. Har yau in na ji ƙanshin man gyaɗa sai gabana ya faɗi.

Tun ranar nake ganin iya iyo da dabara duk ba sa ceton kowa. In kana da sauran shan ruwa a gaba za ka fita, in babu, babu. Amma zuciyata ba ta kwanta da wannan amsar ba. Ku da kuka taɓa ganin mutuwa ƙuru-ƙuru, a ruwa ko a daji ko a hamada, me ya fitar da ku?

Maman_Ihsan:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku dangana. Ƙanena, karantawa kawai na yi amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Almajirin_Hubbare:
Allah ya karɓi shahadarsa. Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai, wannan ya sanyaya muku zuciya. Maganar kwana kuwa gaskiya ce, babu mai ja. Amma ɗan'uwa, ka duba labarinka da kanka. Jarkar nan sababi ce, riƙon da ka yi mata ma sababi ne. Da mutum ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kada baƙin ciki ya sa ka raba abin da addini bai raba ba.

Basarken_Gulbi:
Ɗan_Rima, ɗana, in tambaye ka abu guda. Sa'adda anka hiddo ɗan'uwanka, rigatai ta yage? Akwai sawun hwarce ga wuyanai ko ga kahwaɗa?

Ɗan_Rima:
Baba, ya aka yi ka sani? Rigar ta yage tun daga wuya har ƙirji. Waɗanda suka yi masa wanka kuma sun ce akwai yakushi a kafaɗarsa. Mun ɗauka itace ne ko ƙaya a ƙarƙashin ruwa.

Basarken_Gulbi:
Tau, ba itace ba ne. Kama shi anka yi. Shekara 40 da wani abu ina bisa ruwa, sana'ar ubana da kakana ce, kuma gawar gwanin iyo da munka hiddo, mafi yawa hakanga muka ishe ta. Magabata sun ce wanda ruwa yac ci, ko takobi anka miƙa mai kamawa zai yi. Ba mugunta ba ce. Mutum in yana nutsewa bai san uwa tai ba, bai san ɗanai ba, duk abin da hannunai yat taɓa hawa zai yi bisa gare shi don shi samu iska. Yaro ɗan shekara 10 sai shi danne ƙato.

Shi ya sa mu ba mu isa ga mai nutsewa ta gaba. Sandar tuƙi muka miƙa mai, ko igiya, ko mu jehwa mai gora. In ta kama dole sai an shiga, ta baya aka zagaya a kamo shi. In kuwa ya riga ya cafke ka, kada ka yi kokuwa da shi bisa ruwa, nutsa ƙasa da shi. Shi sama shika nema, da ya ji ana tahiya ƙasa zai sake ka.

Abu na biyu, jirgin katako in ya kihe kaya sunka zube, ba kasahwai shika tahiya ƙasa gaba ɗai ba, bayanai na nan bisa ruwa. Wanda yar riƙe shi ya hi wanda yab bar shi yana neman gaɓa da iyo cikin tuhwahi. Don haka ɗana, kada ka ce iyo bai amhwane shi ba. Mai yiwuwa da shi kaɗai yas so ya hita, da tuni ya hita.

Ɗan_Rima:
La haula wa la ƙuwwata illa billah. Baba, ka bar ni tukuna. Zan dawo.

Kawu_Mai_Albasa:
Basarke, ka faɗi gaskiya amma ka bar rabi. Wa ke cika jirgin har ruwa na lasar baki? Ni da idona na ga an ɗora babura 3, buhunan albasa, awaki, sannan mutane a saman kaya, ana ta “a matsa, a matsa”. Ku tuna jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nufi Wara ta ƙasar Ngaski a jihar Kebbi cikin watan Mayun 2021. Sama da mutum 150 a ciki, ya tsage a tsakiyar ruwa, waɗanda aka samu da rai 20 ne da 'yan kai. Wannan wane iyo, wace jarka? Tun a bakin gaɓa aka kashe su.

Basarken_Gulbi:
Alhaji, ban kare kowa ba. Akwai masu jirgi da kwaɗai yar ruhe ma ido, akwai masu aiki da jirgin da katakonai yar ruɓe ana toshe shi da tsumma. Amma ka taɓa tsayawa mashigi ranar kasuwa da marece? Ka ce ma mutane jirgi ya cika su jira sawu na biyu, sai zagi, wani ma ya riga ya ɗora babur nai ya zauna bisa. Kowa na son shi kai gida kahin duhu. Ni dokata guda: in tsakanin bakin jirgi da ruwa bai kai tahin hannu ba, ban tashi, ko sarki na ciki. Kuma yawancin kihewa da nig gani, ba igiyar ruwa ta kawo ta ba. Ruwa kaɗan zai shigo ta gehe guda, kowa shi zabura shi koma ɗayan gehen lokaci guda. Shi ke nan.

Injiniya_Runjin_Sambo:
Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kada a ɗauki fasinja sai da rigar ruwa. Ni na taɓa ganin inda rigunan suke rataye a bakin mashigi, wani babban mutum ya ce shi ba zai sa a kan babbar rigarsa ba. Alhali babbar rigar nan in ta jiƙe ita za ta naɗe masa hannuwa.

Maman_Ihsan:
Kuna ta maganar babbar riga, ku yi maganar zane da hijabi da goyo. Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ku lissafa waɗanda ruwa ke ci a jihar nan ta Sakkwato ku gani ko su wane ne. A watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a ruwan Shagari, 'yan ƙauyen Gidan Magana, mafi yawansu yara da mata. Shekara na zagayowa, watan Mayun 2023, yara 15, mafi yawansu 'yan mata, daga Dandeji, duk dai a ƙasar Shagari. Itacen girki suka fita nema. Itace! Yaro namiji a bakin gulbi tun yana ƙarami yake wanka a ruwa har ya iya iyo ba wanda ya koya masa. 'Ya mace kuwa da ta fara tasawa an hana ta, amma ba a hana ta hawa jirgi ba. Zane ya naɗe ƙafa, hijabi ya rufe fuska, ga jariri a baya. Ɗan_Rima yana tambayar me ke fitar da mutum, ni tambayata me ya sa mu mata ne ba ma fita.

Ɗalibar_Danfodiyo:
Wallahi Anti kin taɓo inda yake mini ciwo. Kullum sai na bi ta gadar Kwalkwalawa in zan shiga makaranta, in ga yara maza suna tsalle cikin ruwa, ban taɓa ganin mace ko ɗaya ba. Ni kaina ko a kwatami na faɗa sai dai a tsamo ni.

Bagobirin_Gabas:
Ku ƙara da wagga. Mu nan gabas, ba don marmari mutane ka bin ruwa ba. Hanyar mota ta zan abin tsoro sabadda ɓarayin daji, wani lokaci ma gudu aka yi cikin dare, wa ka tsayawa ƙirga mutane ko neman rigar ruwa? Ko jirgin da yak kihe da mutum sama da 50 bisa hanyar kasuwar Goronyo cikin watan Agustan 2025, talakawa ne masu neman abin sawa ga baki. Wanda bindiga ta koro, ruwa sauƙi ne gare shi.

Kawu_Mai_Albasa:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma in an tsamo mutum, a yi maza a kifa shi a danne cikinsa ruwan ya fita. Wasu ma ƙafafu suke kamawa a zazzage shi. Na ga an yi wa wani yaro haka ya farfaɗo.

Anti_Nas_Mabera:
Kawu, don Allah ka yi haƙuri in gyara wannan, saboda rayuka ake rasawa a kansa. Ruwan da ke cikin tumbi ba shi ke kashe mutum ba, rashin iska ne. In ka danne ciki, abin da ya ci ne zai taso ya koma masa hanyar numfashi, ka ƙara masa wata matsalar. Yaron da ka gani yana da sauran numfashinsa ne, shi ya sa ya tashi.

Abin yi: a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In yana yi, a juya shi ya kwanta ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki har a ga ƙirji ya ɗago. Sannan a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a koma dannawa. Kada a gaji da wuri, in wani ya gaji wani ya karɓa. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintuna, don haka a bakin ruwan ake farawa, ba sai an nemo mota ba. Kuma ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti. Mun sha karɓar wanda aka mayar gida, cikin dare numfashi ya sarƙe saboda ruwan da ya taɓa huhu.

Yaron_Marina:
Anti, in macece kuma maza ne a wurin fa? Baki da baki?

Almajirin_Hubbare:
Ɗana, larura ce, kuma ceton rai na gaba. In akwai mace ko muharrami da ya iya, shi ya fi. In babu, wanda ke wurin ya yi, babu laifi a kansa. Laifin shi ne a tsaya ana kallo har rai ya fita.

Ɗan_Jado:
Ni nawa ba ruwa ba ne, rashinsa ne. Lokacin da zinariya ta fashe a Jado, can cikin hamadar arewacin Nijar, a 2014 ina cikin waɗanda suka tafi daga baya. Illela, Ƙonni, Tawa, Agadas, daga nan muka hau bayan Hilux, kowa da sandar da yake riƙewa tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo. Kafin mu kai Dirku motar ta mutu. Kwana 3 muka yi a wurin.

Direbanmu Batube ne, ba ya yawan magana. Abin da ya fara yi, ya tattara duk jarkokin ruwa ya zauna kusa da su da kansa. Ya sa muka ɗaura tamfol a jikin mota, muka tone yashin sama mai zafi har muka kai mai sanyi, muka kwanta. Ya ce da rana ba mai tashi, ba mai hira, ba mai cire rawani ko riga, kowa ya rufe bakinsa. Ya hana cin garin kwaki da biskit, ya ce ƙishirwa suke ƙarawa. Ruwa a murfin flas yake auna mana. Wani ya nufi lagireto zai buɗe, ya buge masa hannu, ya ce ruwan da ke ciki da magani, guba ne. Da dare kuma sanyi kamar ba wurin da ya gasa mu da rana ba.

A rana ta biyu wasu samari 2 suka ce ba za su zauna jiran mutuwa ba, sun hango kamar duwatsu, za su je neman taimako. Ya roƙe su, muka roƙe su. Suka ɗauki ruwansu suka tafi da hantsi. Har yau ban ji wanda ya ce ya gan su ba. Mu kuma a rana ta uku ya ƙona tayar safaya, hayaƙi baƙi ya tashi sama, wata mota da ke wucewa can nesa ta karkato. Lokacin harshena ya kumbura, fitsari ya ɗauke, in na rufe ido randar gidanmu nake gani da moɗa a kanta.

Ɗan_Rima, ni ban yi wata dabara ba. Biyayya na yi wa wanda ya fi ni sanin wurin, ita ce ta fitar da ni da ikon Allah.

Injiniya_Runjin_Sambo:
Allahu akbar. Amma Ɗan_Jado, zama wurin mota ba kullum yake fitarwa ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, akasarinsu Hausawan yankin Damagaram. Motocinsu ne suka lalace. Cikin 'yan kaɗan da suka tsira akwai waɗanda da ƙafa suka taka. A 2017 kuma mutum 44 ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku, waɗanda suka kai labari su ma takawa suka yi.

Ɗan_Jado:
Haka ne Injiniya. Ya danganta da ko kana kan hanyar da motoci ke bi, da ko wani ya san ka taso. Mu muna kusa da hanya, kuma direban ya san ranakun da ayari ke fitowa daga Agadas. Bayan dokar da Nijar ta yi a 2015 ta hana safarar baƙin haure, direbobi suka riƙa kauce wa babbar hanya da rijiyoyi don gudun kamu, to a can in mota ta mutu ba mai wucewa. An soke dokar a ƙarshen 2023. Amma ko tafiyar za a yi, wanda ya san ƙasar ne zai yi ta, kuma da dare. Samarin nan da hantsi suka fita, kuma ba su san ko gabas ba.

Yaron_Marina:
To ai akwai 'yan Najeriya 4 da suka ɓuya a saman abin juya jirgin ruwa ta baya, daga Legas har Barazil a 2023. Kwana 14 a teku. Guzurinsu ya ƙare a kwana na 10, ruwan teku suka riƙa sha kuma suka rayu. Ke nan ana iya sha in ta ɓaci?

Anti_Nas_Mabera:
A'a ƙanena, kada ka ɗauki wannan darasi. Sun rayu duk da sun sha ne, kuma kwanakin kaɗan ne kafin 'yan sandan Barazil su sauko da su. Lita 1 ta ruwan teku tana da gishiri kusan giram 35. Ƙoda ba ta iya fitar da wannan gishirin sai ta haɗa da ruwan jikinka, ka sha kofi ɗaya ka fitar da fiye da kofi. Ƙarshensa ruɗewa da mutuwa da wuri. Kuma wanda aka ceto daga ƙishirwa, kada a ba shi ya kwankwaɗa. Kaɗan-kaɗan, in da hali ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Injiniya_Runjin_Sambo:
Tunda an shiga teku, labarin da ya fi tsaya mini shi ne na Harrison Okene, mutumin Warri, kuku ne a wani jirgin jan jirage mai suna Jascon-4. Ranar 26 ga Mayun 2013 da asuba igiyar ruwa ta kifar da su a tekun da ke gaban Escravos, jirgin ya nutse ya zauna a ƙasa, zurfin mita 30. Su 12 ne, shi kaɗai ya fita. Yana banɗaki abin ya faru. Cikin duhu ya lallaɓa har ya sami wani ɗaki da iska ta maƙale a samansa, ya tara katifa da katakai ya hau don ya rage zama cikin ruwan sanyi. Kusan awa 60 ya yi a nan, abin da ya shiga cikinsa kwalbar Coca-Cola ce guda. Masu nutso da aka turo gawa suka zo ɗauka, sai ɗayansu ya ji hannu ya kama shi.

Abin da mutane ba su cika sani ba, ba a fito da shi kai tsaye ba. A wannan zurfin nauyin da ke kan mutum ya ninka na sama sau 4, iska tana narkewa cikin jini. In aka fito da shi da sauri sai ta taso da kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo, ta kashe shi. Sai da aka sa shi a wani ɗaki na ƙarfe ana rage nauyin a hankali, ya ƙara fiye da kwana 2 a ciki. Daga baya mutumin nan ya je ya koyi aikin nutso, ya zama sana'arsa.

Kawu_Mai_Albasa:
To kun gani. Wannan in ba kwana ba mene ne? Abokan aikinsa 11 ba su fi shi sanin teku ba?

Almajirin_Hubbare:
Kwana ne, Alhaji, kuma ya hau katifa. Annabi Yunusa ma a cikin duhun cikin kifi bai yi shiru ba, ya kira Ubangijinsa.

Ɗan_Ruga:
Ni a daji na tashi da shanu. Abin da na lura, wanda ya ɓata ba yunwa ke fara kashe shi ba, gudu ne. Da ya gane ya ɓata sai ya ruɗe ya yi ta sauri, ya ƙara nisa, ya ƙarar da ruwan jikinsa. Baffana ya koya mini in na rikice in zauna gindin itace har zuciyata ta daina bugawa, sannan in dubi rana, in nemi sawun dabbobi, don da yamma sawun shanu ruwa ko gida yake nufa. Ga aduwa, magarya, kanya, goruba, ɗinya, kowanne da lokacinsa. Yaran yanzu da yawa ba su san ko ɗaya a jikin itacensa ba.

Ƙanena kuma kububuwa ta sare shi muna nesa da gari. Muka ɗaure ƙafar tamau, muka tsaga, aka kawo mai magani. Kwana 2 jini na fita ta dasashinsa kafin mu yarda mu kai shi asibiti. Ya rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma an ce mana ɗaurin da tsagar sun ƙara ɓata ta.

Anti_Nas_Mabera:
Sannu Ɗan_Ruga, Allah ya ƙara masa lafiya. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa tsagawa ke da haɗari ƙwarai. Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi kamar wadda ta karye, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi. A Kaltungo ta jihar Gombe asibiti guda aka ware don saran maciji saboda yawan kububuwa a can.

Ɗalibar_Danfodiyo:
Maganar Ɗan_Ruga ta tuna mini yaran nan 4 'yan gida ɗaya a Kolombiya. Ƙaramin jirgin sama ya faɗi da su a dajin Amazon ranar 1 ga Mayun 2023, manyan da ke ciki duk suka rasu har mahaifiyarsu. Sai bayan kwana 40 aka same su da rai. Babbar 'yar shekara 13 ce, ƙaramar ko shekara ba ta cika ba. Garin rogo da suka samu a jirgin suka fara ci, da ya ƙare suka koma 'ya'yan itatuwa, don yarinyar ta san wanda ake ci da wanda ba a ci, a gida aka koya mata. Anti Maman_Ihsan, kin ga mace ce, kuma don an koya mata ne.

Yaron_Marina:
Baba Basarke, gaskiya ne ku Sarkawa kuna da asirin da ruwa ba ya cinku? An ce akwai wuraren da masu ruwa ke jan mutum ta ƙafa.

Basarken_Gulbi:
Ɗana, addu'a muna yi, bismillahi majreha wa mursaha, kullum kahin in taka jirgi. Amma na rufe 'yan'uwana Sarkawa da ruwa yac ci da hannuna. Wurin da aka cewa ana jan ƙahwa, je ka da rani in ruwa ya janye ka gani: rami ne inda ruwa ka juyawa, ko laka mai riƙe ƙahwa, ko tsohuwar koma da ta sarƙe ga kututture. Wani wurin kuma masu ɗibar yashi sunka yi rami, jiya iyakar gwiwa, yau ya shanye mutum. Sannan in an saki ruwa daga dam na Goronyo ko Bakolori, gulbin da kas sani jiya ba shi ne na yau ba.

Ɗan_Rima:
Na dawo. Ku gafarce ni, na kasa rubutu ne ɗazu. Akwai abin da ban faɗa ba don ban taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. A ranar, an sami wata yarinya riƙe da ciyawar gefe, nesa kaɗan da jirgin. Ta ce wani ne ya turo ta har wurin ya koma, ba ta ga fuskarsa ba. Shekara 2 ina jin haushin cewa iyonsa bai yi masa rana ba. Yanzu ban san abin da zan ce ba.

Kawu_Mai_Albasa:
Allah ya sa shi ne, ya sa ta zame masa hujja ranar gobe. Amma ɗana, kada ka je ka faɗa wa mahaifiyarsa abin da ba ka tabbatar ba. Akwai wasu mazan a jirgin ai.

Ɗan_Rima:
Gaskiya ne Kawu, akwai. Ranar Juma'a zan je garin, zan nemi iyayen yarinyar in ji daga bakinta, ko ta tuna kalar riga. Baba Basarke, shekarata 34. Mai irin shekaruna yana iya koyon iyo, ko lokaci ya wuce?

Basarken_Gulbi:
Bai wuce ba. Bari ruwa shi janye bayan kaka, ka zaka da gajeren wando, mu samu wuri mai yashi iyakar ƙugu. Ranar hwarko ba iyo za ka koya ba, kwanciya rigingine bisa ruwa za ka koya, kunnuwa ciki, hanci sama, har ka yarda ruwa na ɗaukar ka. Ka taho da jarka guda.

Maman_Ihsan:
Baba, mu fa? Ina da 'ya'ya mata 3, kuma duk hutu sai sun ƙetare ruwa zuwa wurin kakarsu. A cikin matan gidanku akwai wadda ta iya, da za ta yarda ta koya musu in an sami wuri a killace?